Na samu firam ɗin keken tsere tsirara, ta ina zan fara haɗa shi?

Wani matashi daga unguwar Birni, nan Damagaram, ya turo tambaya. Yayansa ya kawo masa tsohon firam na ƙarfe daga kayan gwanjon Faransa, da fok ɗinsa, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, amma babu ƙafa, babu birki, babu sarƙa, babu komai. Yana so ya haɗa keken tsere da hannunsa, mai birkin roba irin wanda ke kama rim. Me zai fara saya? Kuma anya ba asarar kuɗi zai yi ba, tunda yanzu kowa zancen birkin faifai yake?

Ƙanena, sannu da himma. Abu na farko, bar kuɗinka a aljihu tukuna. Kada ka sayi ko noti ɗaya sai ka auna firam ɗin nan ka rubuta a takarda, domin shi ne zai faɗa maka kayan da zai karɓa. Yawancin waɗanda na ga sun yi asara a wannan aiki, a kasuwa suka yi ta, tun kafin su ɗauki sifana.

Batun birki kuwa, kwantar da hankalinka. Gaskiya ne tun da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta birkin faifai a tseren kwalta a 2018, kamfanoni suka karkata can. Amma Tadej Pogačar da birkin roba ya ci Tour de France, babban tseren keke na Faransa, a 2020. Inda birkin roba ke gazawa wuri biyu ne: ruwan sama, da doguwar gangara daga kan tsauni inda rim ke ɗaukar zafi. Mu nan damina 'yan watanni ce, kuma ko ka nufi Miriya, ko Takeita, ko hanyar Tanut, babu gangarar da za ta gasa maka rim. Ga shi wayar birki ko ta tsinke a ƙauye, mai faci zai nemo maka wata, alhali birkin faifai mai aiki da mai sai da kayan aikinsa na musamman. Sauyin da Turawa suka yi ma alheri ne gare ka, don shi ya sa kayan birkin roba masu kyau suke zubowa gwanjo da rahusa.

Wanke firam ɗin da ruwa da sabulu, ka fito da shi rana da hantsi. Bi duk mahaɗar bututu da ido da kuma farce, kana neman tsaga. Sa yatsa ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuya zuwa gidan feda, dab da wuyan. In ka ji ƙulli ko fenti ya tattare a wurin, keken ya taɓa cin karo ta gaba, kuma ni ban yarda ka hau irinsa da gudu ba. Sai ka ɗauko zare ka ɗaura a bakin da ƙafar baya ke shiga ta dama, ka zagayo da shi ta gaban wuya, ka dawo da shi bakin hagu ka ja ya miƙe. Auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In bambancin bai wuce milimita biyu ba, firam yana tsaye. Tsatsar sama ba komai ba ce, a kankare a shafa fenti. Wadda ta huda ƙarfe ita ce ta kashe firam. Ka kuma tsaya a kansa bayan ka ɗora shi kan ƙafafun aro: in bututun sama yana taɓa ka, ya yi maka girma, kuma babu wani kaya da zai gyara wannan.

To, yanzu awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan kimar ido ba ta wadatar ba, don abin da ke raba daidai da kuskure bai kai kaurin farce ba. Ka aro ma'aunin nan mai baki kamar na kada, wanda masu walda da masu gyaran babur ke kira pied à coulisse.

Fara da gidan feda, wato gajeren bututun ƙasa da sandar feda ke ratsawa. A nan zan daɗe, saboda ka ce daga Faransa firam ɗin ya fito. A tsofaffin kekuna tiredin cikin bututun nan, wato zaren da aka yanka a ƙarfen, iri uku aka fi gani. Na Ingila shi ya cika duniya: faɗin gidan milimita 68, kuma kofin dama, wato murfin da ake murɗawa cikin gidan ta ɓangaren sarƙa, da hagu ake ɗaure shi, akasin noti na yau da kullum. Na Italiya faɗinsa milimita 70, kofinsa ya fi kauri, milimita 36, kuma duka biyun da dama ake ɗaure su. Na Faransa shi ne mai ruɗi. Faɗinsa 68 kamar na Ingila, amma kaurin kofin milimita 35 ne, na Ingila kuwa 34.8, tazarar zarensa milimita ɗaya cif, ta Ingila ta ɗan ɗara haka kaɗan, sannan duka ɓangarorinsa da dama ake ɗaurewa. Tsofaffin Peugeot da Motobécane da Gitane na kafin wajajen shekarun 1980 da yawa wannan tiredi ne a jikinsu, daga baya ne suka koma irin na Ingila.

Abin da ke faruwa shi ne, kofin Ingila na hagu zai shiga gidan Faransa lafiya lau zagaye biyu ko uku, sannan ya cije. Mai gaggawa sai ya ce datti ne, ya ɗauko dogon sifana ya danna. Na taɓa ganin haka a gabana. Wani yaro ya kawo mini firam mai kyau, shuɗi, ƙarfensa marar nauyi, an riga an danna masa kofin da ba nasa ba. Da na kwance, zaren ya fito kamar garin ƙarfe a yatsana, cikin gidan ya yi sumul. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin firam ɗin ya yi shekara arba'in lafiya, minti biyar suka lalata shi. Saboda haka ka goge tiredin da tsohon buroshi da kananzir, ka nemo tsohon kofi na keken dutse na zamani, wanda kusan duk na Ingila ne, ka gwada da yatsu kawai. In na dama ya shiga da juyin hagu har ƙarshe ba tare da ƙarfi ba, ka huta, na Ingila ne. In ya ƙi kamawa sam, ka tsaya. Akwai kamfanonin da har yau suke ƙera kofin Faransa, akwai kuma wani irin da ba ya buƙatar tiredi, ɓangarorinsa biyu ne ke matse juna a cikin gidan, shi ne ma maganin gidan da ya riga ya lashe. Sai dai ka ba da saƙo a zo maka da shi. Kuma in ka sa kofin Faransa, ka ɗaure na dama tamau, don juyin feda kan kwance shi a hankali.

In gidan feda ya fito na Faransa, to ka sa ran wuyan ma haka yake. Ramin bututun fok zai zama milimita 22.0 maimakon 22.2 da aka saba, kuma tiredin notin wuya daban ne. In kofunan boris na wuya da notinsu suna jikin firam ɗin, ka adana su kamar zinariya, boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, kawai za ka sabunta. Sandar da ke riƙe kan keke kuwa, in ka samu mai 22.2 ta alminiyam, ana goge ta da samfefa a hankali, ana juyawa, har ta shiga.

Sauran awon ba su da wuya. Tazarar da ke tsakanin bakunan ƙafar baya: milimita 120 na zamanin giya biyar ne, 126 na shida da bakwai, 130 na takwas zuwa sha ɗaya. Gaba kusan kullum 100 ne. Firam na ƙarfe mai 126 zai karɓi ƙafa mai 130 in ka ɗan buɗa shi da hannu lokacin sa ta, milimita biyu ne kawai kowane gefe. Na alminiyam ko na kabon ba a buɗa shi, tsagewa yake. Sai ramin sandar sirdi. An fi samun 27.2, amma tsofaffin firam suna zuwa da 26.4 ko 26.6 ko 26.8 da sauransu. Sandar da ta dace tana shiga da ɗan giris ba duka, kuma ba ta girgiza. In ta yi ƙanƙanta ka matse ta da ƙarfin noti, kunnuwan firam ne za su tsage. Ka auna kaurin bututun sirdi ta waje kuma, saboda maɗaurin macanjin giya na gaba: 28.6 ne a yawancin na ƙarfe, 31.8 ko 34.9 a na alminiyam.

Bayan awo, ƙafafu za ka fara saya, kuma nan ya kamata mafi yawan kuɗinka su tafi. Girman da kake nema shi ne 700C, wanda lambarsa ta ainihi 622 ce. Ka lura da wani tarko da ke kasuwarmu. Tayar manyan kekunan nan na ɗaukar kaya, waɗanda ake kai hatsi da jarkoki da su, ana ce mata 28, ita ma tayar 700C wani lokaci ana rubuta mata 28, amma waccan 635 ce, ba za ta zauna kan rim ɗinka ba. Akwai kuma tsohuwar inci 27 mai lamba 630. Kada ka saurari sunan da mai shago ya kira, juya tayar ka karanta ƙananan lambobin da ke gefenta, irin 28-622. Ta farko faɗi ce, ta biyu ita ce girman rim. Ka zaɓi rim na alminiyam mai bango biyu, da sifok, wato wayoyin ƙafa, guda 32, domin in ɗaya ya tsinke a hanya za ka iya komowa gida. In na hannu ne, ɗora bakin ma'auni a gefen da roba ke kamawa. In wurin ya lotsa ya yi kwari, birki ya cinye shi, bar musu kayansu, don irinsa kan fashe ne in an ba shi iska.

Sai ƙafafun sun shiga firam za ka san birkin da za ka saya, shi ya sa na ce su ne farko. Auna daga tsakiyar ramin da notin birki ke shiga zuwa tsakiyar gefen rim, gaba daban, baya daban. Birkin kekunan tsere na zamani gajeren hannu gare shi, daga milimita 39 zuwa 49. Akwai matsakaici mai 47 zuwa 57, akwai dogo mai kaiwa 73, irin wanda Tektro ke yi. Tsohon firam sau da yawa matsakaici ko dogo yake so, musamman in asalinsa na inci 27 ne ka sa masa 700C, don rim ya sauka da milimita huɗu. Kada wannan ya dame ka, ni a wurina riba ce. Gajeren birki da ƙyar yake barin taya ta wuce faɗin 28, dogon kuwa yana ba ka sarari ka sa 30 ko 32. A hanyoyinmu, inda kwalta ke yankewa ka faɗa burji, inda rairayi ke kwanciya a bakin titi, taya mai faɗi ta fi siririya nesa ba kusa ba. Ka dai bar aƙalla milimita huɗu tsakanin taya da ƙarfe ta kowane gefe. Ka nemi mai shimfiɗar kariya a ciki saboda tsidau da ƙayar bagaruwa, kuma kada ka cika ta har iyakar da aka rubuta. Mai nauyin kilo 70 a kan taya 28, iska wajen bar 5 a ma'aunin famfo ta ishe shi. Ka nemi birki mai gaɓa biyu, irin da kamfanin Shimano ya yaɗa a farkon shekarun 1990, ya fi tsohon mai gaɓa ɗaya kamu da zama a tsakiya. Ka duba ramin kuma: firam na zamani notinsa yana nutsewa cikin rami mai faɗi ta baya, tsoho kuwa yana son birki mai doguwar kusa da noti a waje.

Giya ba zan ja ta da tsawo ba. Shawarata takwas ko tara a baya, faranti biyu, wato manyan faifan haƙoran da ke jikin feda, a gaba. A kayan Shimano na baya-bayan nan masu birkin roba, Claris giya takwas ne, Sora tara, Tiagra goma, 105 sha ɗaya. Duk yadda giya ta ƙaru, sarƙa na ƙara sirancewa da tsada, ƙura kuma na saurin cin ta. Sarƙar takwas tana aiki a shida da bakwai, kuma ita ce za ka fi samu nan ko a Kano. Hannun canji da macanjin baya da haƙoran baya su zama dangi ɗaya, adadi ɗaya; kada ka gauraya Shimano da Campagnolo, jan wayarsu ba ɗaya ba ne. In firam ɗinka yana da 'yan kunnuwa biyu a bututun ƙasa, kana iya sa tsohon hannun canji mai santsi, wanda ba ya ƙirga giya. Shi ba ruwansa da dangi, da kowane macanji yake aiki, kuma ƙura ba ta kashe shi. Faranti mai haƙora 50 da mai 34, haƙoran baya 11 zuwa 28, sun isa. Ba mu da tsauni, amma wanda ya taɓa fuskantar iskar hunturu ya nufi gabas ya san amfanin ƙaramin faranti. Hannun birki kuma na keken tsere za ka sa, na keken dutse mai birkin V jan wayarsa ya yi tsawo, ba zai kama da ƙarfi ba.

Ranar haɗawa ka shimfiɗa tabarma a inuwa inda iska ba ta kaɗo rairayi, ka zuba ƙananan kaya a faranti. Duk inda ƙarfe zai haɗu da ƙarfe ka shafa giris, musamman sandar sirdi ta alminiyam cikin firam na ƙarfe, don in suka bushe tare suka manne, fitar da ita sai an sha wahala. Fara da wuya. Kofunan ba a buga su da guduma, ka sami doguwar kusa mai tiredi da manyan wasa biyu, wato faifan ƙarfe masu rami a tsakiya, da noti, ka matse su a hankali ɗaya bayan ɗaya, kana duba kada su karkace. Ɗaure wuyan daidai inda kai ke juyawa sumul amma ba ya ƙwanƙwasa in ka kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya. Sai gidan feda da kiranki, wato hannuwan da feda ke jikinsu, sai sirdi, kai, ƙafafu, birki, macanjan giya. Feda ta hagu da juyin hagu ake ɗaure ta, kowace tana da harafi a jikinta. In ka ga D da G, na Faransanci ne, dama da hagu, kuma ka gwada tiredinta da yatsu don ita ma tana iya zama ta tsohon awo.

Waya iri biyu ce, kuma wannan batu na rai ne. Wayar birki ta fi kauri, rigarta milimita 5 ce, ƙarfen cikinta naɗe yake kamar igiya. Rigar wayar giya siririya ce, ƙarafan cikinta a miƙe suke. In ka sa rigar giya a birki, ranar da ka matse da ƙarfi za ta fashe, hannun ya tafi har jikin kai babu kamu. Ka yanke riga da tsayin da kai zai juya dama da hagu ba ta ja ba, ka goge bakin da aka yanke ya yi daidai, ka buɗe ramin da tsinke.

Daidaita birki kuwa, ka zauna ka ba shi lokacinsa. Da farko ƙafa ta zama miƙaƙƙiya. Juya ta kana kallon tazararta da roba, in tana rawa ka kai wa wanda ya iya ɗaurin sifok, akwai dattawan da suka ƙware a kai wajen Kasuwar Dole, kuma wannan aiki ne da ba a koyon sa a rana ɗaya. Sannan ka sassauta notin roba, ka matse hannun birki, ka zaunar da robar a tsakiyar gefen rim, kamar milimita ɗaya ƙasa da bakinsa na sama. In ta hau ta taɓa taya za ta yanka ta, in ta sauka za ta yi leɓe ta maƙale. Robar tana da gaba da baya, bi kibiyar da ke jikinta. Kafin ka ɗaure, saka ɗan guntun kwali a ƙarshenta na baya, yadda gabanta zai riga taɓa rim da kamar milimita ɗaya, wannan ne ke hana kukan nan mai tsinka kunne. Ka ja waya yadda birki zai kama sosai tun hannun yana rabin hanya. Sai ka matse da duk ƙarfinka sau goma. In wayar za ta zame daga notinta, gara ta zame a tsakar gida.

Tsayin sarƙa: ɗora ta kan babban faranti da babban haƙorin baya, ba tare da ta bi ta cikin macanji ba, inda bakunan suka haɗu ka ƙara gaɓa biyu ka yanke. Macanjin baya yana da 'yan sukurori biyu, H da L. Daidaita su tun kafin ka ɗaura waya, musamman L, ita ce ke hana sarƙa faɗawa cikin sifok. In giya ta ƙi zama duk yadda ka yi, duba kunnen da macanjin ke rataye, sau da yawa ya lanƙwashe ne a hanyar zuwa. Macanjin gaba kuma ya tsaya milimita ɗaya zuwa uku a saman babban faranti. Tsayin sirdi, ɗora diddige kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Kada ka naɗe kai da tef sai ka yi kwana biyu kana hawa, don za ka so matsar da hannuwan birki.

Hawan farko ka yi shi da sassafe a fili marar motoci, da alanki a aljihu. Gwada birkin baya, sannan na gaba, a hankali kafin da gudu. Bayan mako guda sabbin wayoyi za su saki, sai ka ƙara ja, ka bi duk notuna, ka sake duba kofin dama na gidan feda. Daga nan abokin gabarka ɗaya ne, rairayi. Yana nutsewa cikin roba ya mayar da ita samfefa mai cin rim. Duk mako ka goge gefen rim da tsumma, ka cire ƙafa ka duba robar, ka tsince ƙwayoyin yashi da ɓarɓashin alminiyam da bakin allura. Sarƙa kuma kada ka yi mata wanka da baƙin man inji, yana kama ƙura ya zama taɓo mai niƙa haƙora. Ɗigo ɗaya na mai marar kauri a kowace gaɓa, ka juya feda, sannan ka goge na waje tas.

In ka gama awon, turo mini lambobin: faɗin gidan feda da yadda kofin dama ya shiga, tazarar baya, ramin sirdi, ramin fok, da tazarar birki gaba da baya. Da su zan faɗa maka abin da za ka nema nan cikin gari da wanda sai an ba da saƙo.